Kujerar Kyaftin Da Aka Ƙi: Abin Da Matuƙan Jiragen Sama Ke Ciniki A Kansa

A shekarar 2023 kamfanin jiragen sama na United, ɗaya daga cikin manya a Amurka, ya shiga wata matsala da ba kasafai ake jin irinta a wurin aiki ba: yana tallata ƙarin girma, ma'aikata suna kau da kai. Ƙungiyar matuƙan kamfanin ta bayyana cewa kusan rabin guraben kyaftin da aka buɗe cikin shekara guda ba su samu mai nema ba. Kyaftin shi ne shugaban jirgi, shi ke zama a kujerar hagu, kuma albashinsa ya ɗara na mataimakinsa nesa ba kusa ba. Duk da haka ɗaruruwan mataimaka da suka cika kowane sharaɗi suka gwammace su ci gaba da zama a kujerar dama.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Mataimakin da ya daɗe a aiki shi ke zaɓar ranakun hutunsa da garuruwan da zai je. Ranar da ya karɓi muƙamin kyaftin sai ya koma ƙarshen layin kyaftin-kyaftin, ya zama ɗan jiran ko-ta-kwana, wanda za a buga wa waya da asuba a ce ya shirya, wanda zai yi aiki ranar biki, wanda za a iya ƙara masa kwana a hanya alhali iyalinsa na jiransa. Mutane suka auna ƙarin kuɗin da abin da za su rasa, suka ce a kai kasuwa.

Na fara da wannan ne domin a shekarar 2023 ɗin jaridu sun fi mayar da hankali kan kuɗi, kuma kuɗin ya isa a yi maganarsa. A watan Maris matuƙan Delta suka amince da yarjejeniyar da ta ƙara musu kashi 34 cikin 100 a shekara huɗu, wadda aka ƙiyasta za ta ci wa kamfanin sama da dala biliyan 7. Na American suka biyo baya a Agusta da yarjejeniyar sama da dala biliyan 9, na United suka rattaba hannu a Satumba kan tasu ta kimanin dala biliyan 10, sannan na Southwest suka samu ƙarin kusan kashi 50 a Janairun 2024. Shugaban American, Robert Isom, ya faɗa da bakinsa cewa kyaftin mafi daɗewa a babban jirgi zai iya kaiwa dala 590,000 a shekara kafin yarjejeniyar ta ƙare, idan an haɗa da kuɗin ritaya. Wanda ya ji wannan zai ɗauka rigimar duka ta albashi ce. Amma teburin albashi 'yan shafuka ne a cikin kundin da ya kai ɗaruruwan shafuka. Mafi yawan sauran magana ce ta lokaci: yaushe za a iya kiran mutum, sa'a nawa zai yi, kwana nawa zai huta, wa zai maye gurbinsa idan ya gaji. Kuma kowane layi a cikin waɗannan shafuka yana ƙara ko rage yawan matuƙan da dole kamfani ya ɗauka. A nan gizo ke saƙar.

Sai an fahimci yadda ake biyan matuƙi kafin a gane hakan. A Amurka da sa'a ake biyansa, kuma agogon kuɗin yana fara bugawa ne lokacin da jirgi ya saki birki zai bar wurin lodi, ya tsaya lokacin da ya isa ya faka. Zuwa filin jirgi da wuri, duba yanayi da takardun tafiya, zagaya jirgi a duba lafiyarsa, zaman jiran jirgi na gaba, kwana a otal a wani gari, duk waɗannan a asali babu ko sisi a kansu. Idan aka bar abin haka, babu abin da zai hana kamfani ya riƙe mutum kwana huɗu a hanya don tuƙin sa'a goma sha biyu kacal, tunda zaman banzan matuƙi bai ci wa kamfani komai ba. Shi ya sa ƙungiyoyi suka yi shekaru suna saka wasu sharuɗɗa. Akwai mafi ƙarancin sa'o'in da za a biya a wata ko an yi tuƙi ko ba a yi ba, yawanci tsakanin 70 da 75. Akwai mafi ƙarancin biya na kowace ranar aiki, kimanin sa'a biyar. Akwai kuma ƙa'idar da ke cewa duk sa'a biyu da mutum ya yi a bakin aiki sai an biya shi aƙalla ɗaya, da wata mai lissafa dukan lokacin da ya yi ba ya gida. Amfaninsu ya wuce cika aljihu. Da zarar zaman banza ya zama mai tsada, masu tsara jadawali sai su daina ɓata ranakun mutane.

A ƙarƙashin duk wannan akwai dokar gwamnati, kuma dokar da ake aiki da ita yau da jini aka rubuta ta. A daren 12 ga Fabrairun 2009 wani ƙaramin jirgin kamfanin Colgan Air, wanda ke jigila da sunan Continental, ya tashi daga Newark zuwa Buffalo a jihar New York. Yana shirin sauka gudunsa ya ragu fiye da kima, na'urar gargaɗi ta girgiza sitiyari, kyaftin ya ja jirgin sama a maimakon ya dunƙufar da hancinsa, jirgin ya faɗa kan wani gida. Mutum 50 suka mutu, 49 a jirgi da ɗaya a ƙasa. Hukumar binciken haɗurra ta ɗora babban laifin kan matakin da kyaftin ya ɗauka. Amma abin da ya girgiza Amurkawa shi ne rayuwar matuƙan da binciken ya tono. Mataimakiyar kyaftin tana zaune ne a yankin Seattle, a can ƙarshen yammacin ƙasar, kuma ta kwana tana bin jiragen kaya kafin ta iso wurin aiki a gabas. Abin da ta samu a shekarar da ta gabata bai wuce kusan dala 16,000 ba. Shi kansa kyaftin daga Florida yake zuwa, kuma akwai alamun a ɗakin hutun ma'aikata ya kwana. Hukumar ta ce mai yiwuwa gajiya ta rage musu kuzari, ko da yake ba ta iya auna yawan tasirinta ba.

Iyalan mamatan suka yi ta sintiri a majalisar dokoki a Washington har aka yi doka a 2010. Daga cikinta aka fitar da sababbin ƙa'idojin gajiya da suka fara aiki a Janairun 2014. Matuƙa biyu ba za su yi tuƙin da ya wuce sa'a 8 ko 9 a rana ba, gwargwadon lokacin da suka fara. Dukan zaman aiki na ranar yana tsakanin sa'a 9 da 14: wanda ya fara da tsakar dare, ko wanda zai yi sauka da tashi da yawa, nasa ya fi gajarta, domin an yarda da abin da likitocin barci suka daɗe suna faɗa, cewa ƙarfe huɗu na asuba da ƙarfe goma na hantsi ba ɗaya ba ne a jikin ɗan Adam. Kafin a fara aiki dole a huta sa'a 10, da damar barcin sa'a 8 babu katsewa. A kowane mako dole a samu hutun sa'a 30 a jere. Tuƙi ba zai wuce sa'a 100 a kwana 28 ba, ko 1,000 a shekara. A doguwar tafiya sai an ƙara matuƙi na uku ko na huɗu, su riƙa karɓa-karɓa suna kwanciya. Abin mamaki, an tsame jiragen kaya daga wannan doka saboda tsada, alhali su ne suka fi kowa aikin dare, kuma sararin samaniya ɗaya suke bi da jiragen fasinja. Har yau matuƙan FedEx da UPS suna ƙorafi a kai, kuma ina ganin da gaskiyarsu.

To, ga lissafin. A ɗauka jirgi matsakaici yana yin sa'a 11 a sama kowace rana, wato kusan 330 a wata. Idan matuƙi yana tuƙa 75 zuwa 80 a wata, ana buƙatar tawaga huɗu da 'yan kai, kowace da mutum biyu. Wannan kuwa idan babu mai ciwo, babu mai hutun shekara, babu mai zuwa horo, babu hadari, babu jirgin da ya lalace. Da an saka waɗannan sai adadin ya haura zuwa mutum goma ko fiye a kan kowane jirgi guda, a manyan jirage masu tsallaka teku kuma ya kan ninka. Saboda haka idan ƙungiya ta samu ƙarin ranar hutu guda a wata ga 'yan ko-ta-kwana, kamfani mai matuƙa 15,000 zai iya buƙatar ɗaukar ɗaruruwan sababbi. Shi ya sa sau da yawa shugabannin kamfani sun fi saurin yarda da ƙarin albashi a kan su yarda da sauya jadawali.

'Yan ko-ta-kwanan nan su ne abin da akanta ya fi ƙi gani. Ana biyansu albashin wata alhali wasu ranaku suna zaune a gida ko a otal kusa da filin jirgi. Wasu ana ba su sanarwar rabin yini ko fiye, wasu kuma dole su iso cikin sa'a biyu ko uku. A rana mai lafiya asara ne a takarda. A ranar da hadari ya tsayar da jirage sa'a huɗu, har lokacin aikin tawagar farko ya ƙare bisa doka, su kaɗai ne ke tsakanin fasinja da kwana a kan benci. Fasinjan da aka ce masa an soke tafiya saboda “rashin ma'aikata” yana biyan kuɗin shawarar da aka yanke ne watanni da suka wuce a wani ofis, lokacin da aka tsayar da adadin masu jira.

Kuma ba a gyara kuskuren da sauri. Matuƙi ba ya tuƙa kowane jirgi. Kowane samfuri da lasisinsa, kuma sauyawa daga wani zuwa wani yana cin makonni a aji da cikin na'urar kwaikwayon tuƙi. Idan kyaftin na babban jirgi ya yi ritaya, kyaftin na ƙaramin jirgi zai hau gurbinsa, wani mataimaki ya hau gurbin wannan, wani ya sauya jirgi ya cike na mataimakin, a haka har a kai ga sabon ɗauka. Ritayar mutum guda ta kan jawo horon mutum da yawa, kuma duk wanda ke aji ba ya tuƙi. Malaman horon su ma matuƙa ne da aka cire daga jadawali.

Abin da ke tafiyar da wannan hawa-hawa shi ne lambar daɗewa. Ranar da aka ɗauki matuƙi ake ba shi lamba a jerin kamfanin, kuma ita ce rayuwarsa: jirgin da zai tuƙa, garin da zai zama sansaninsa, hutun shekararsa, lokacin zama kyaftin, da wanda za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. Kowane wata matuƙa suna shigar da zaɓinsu a kwamfuta, ita kuma ta raba aiki daga mafi daɗewa zuwa ƙasa. Ƙwarewa ba ta tsallakar da kowa layi. Masu kare tsarin suna da hujja mai ƙarfi: idan ƙarin girma yana hannun manaja, matuƙin da ya ƙi tashi da jirgi mai matsala, ko ya ce ya gaji, zai ji tsoron abin da zai biyo baya. Lamba tana ba shi damar cewa a'a. Sai dai lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Kamar direban da ya bar tasharsa ya koma wata ne: ko ya shekara ashirin a hanya, bayan wanda ya zo jiya zai yi lodi. Kyaftin da kamfaninsa ya durƙushe yana komawa sabon mataimaki a wani wuri, da albashin shekarar farko.

Wannan shi ke bayyana zafin da ƙungiyoyin matuƙa ke yi. Injiniya ko likita da bai ji daɗin wurin aiki ba zai iya tattara nasa ya nasa ya tafi da darajarsa. Matuƙi ba shi da wannan ƙofa, don haka duk faɗansa a cikin gida yake yinsa. Shi ne kuma dalilin da ya sa haɗewar kamfanoni biyu ke zama yaƙin basasa. Da American ta sayi TWA a 2001, da yawa daga matuƙan TWA aka jera su a ƙasan jerin, kuma su aka fara sallama bayan harin 11 ga Satumba. Da US Airways ta haɗe da America West a 2005, hukuncin mai sasantawa kan haɗa jerin biyu ya fusata ɓangare guda har suka fice daga babbar ƙungiyar ALPA suka kafa tasu, aka shafe shekaru a kotu matuƙan kamfani ɗaya ba sa tuƙi tare.

Duk wanda ke ganin ƙarin 2023 ya yi yawa, ya kamata ya san abin da ya gabace shi. Bayan 2001 manyan kamfanoni suka bi juna zuwa kotun fatara: United da US Airways a 2002, Delta da Northwest a rana guda a Satumban 2005, American a 2011. Matuƙan Delta suka yarda aka zaftare musu kashi 32.5 a 2004, aka sake yanke wani kashi 14 daga baya. An rushe asusun fanshon matuƙan United. Sharuɗɗan jadawali da aka yi shekaru ana tarawa aka sarayar da su a 'yan watanni. A Disamban 2007 aka ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, abin da ya daskarar da layi shekara biyar ga na ƙasa. Sai annobar korona ta zo a 2020. Gwamnati ta ba kamfanoni tallafin albashi na kimanin dala biliyan 54 bisa sharaɗin kada su kori ma'aikata, su kuma suka lallashi dubban tsofaffin matuƙa suka yi ritaya da wuri. Fasinjoji suka dawo da sauri fiye da yadda kowa ya zata. Kamfanoni suka sayar da tikitin jiragen da ba su da isassun matuƙansu, suka dogara da aikin ƙarin lokaci. A tsakiyar 2022 matuƙan Delta suka rubuta wa fasinjoji buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa kafin kaka ƙarin lokacin da za su yi a shekarar zai zarce na 2018 da 2019 a haɗe. A wannan yanayin aka zauna ciniki, kuma a karon farko cikin shekara ashirin wuƙa da nama suna hannun matuƙa. Na United ma sun yi watsi da tayin farko na kusan kashi 15 da ƙuri'a sama da kashi 90.

Amma ba su yi yajin aiki ba, kuma da wuya su iya. Dokar da ke kula da su ta ma'aikatan jirgin ƙasa ce ta 1926, wadda aka faɗaɗa zuwa jiragen sama a 1936. A ƙarƙashinta yarjejeniya ba ta mutuwa. Idan wa'adinta ya cika tsohuwar na ci gaba da aiki har a cimma sabuwa, ko da shekara uku ko huɗu za a yi. Kafin a tafi yaji sai hukumar sulhu ta tarayya ta yarda cewa tattaunawa ta cije, sannan a jira kwana 30, sannan shugaban ƙasa na iya dakatar da komai. Bill Clinton ya yi hakan a 1997, mintuna kaɗan bayan matuƙan American sun ajiye aiki. Yajin matuƙan fasinja na ƙarshe da aka gani a ƙasar shi ne na Spirit a Yunin 2010, na kwana biyar. Don haka ƙuri'ar kashi 99 ta amincewa da yaji da matuƙan Delta da Southwest suka kaɗa saƙo ce kawai ga masu hannun jari.

Makamin gaske yana cikin jadawali. Kamfanin da ya rage ma'aikata har ya dogara da masu karɓar ƙarin aiki da son ransu ya miƙa wuyansa ne. A bazarar 2000 matuƙan United suka daina karɓar ƙarin lokaci, dubban tafiye-tafiye suka rushe. Kotuna kuwa ba sa wasa da irin wannan idan aka gano shiri ne: a 1999, da matuƙan American suka yi ta kiran waya suna cewa ba su da lafiya, alƙali ya ci ƙungiyarsu tarar sama da dala miliyan 45.

Ba sai an yi rigima ba ma ramin ke bayyana. A ƙarshen Disamban 2022 guguwar ƙanƙara ta rufe wasu filayen jirage a Amurka. Sauran kamfanoni suka farfaɗo cikin kwanaki, Southwest kuwa ta soke tafiye-tafiye sama da 16,700, domin tsarin da ke bin sawun ma'aikatanta ya kasa sanin inda kowa yake da sa'o'in da suka rage masa. Matuƙa na zaune a otal, a shirye, suna riƙe da waya sa'o'i suna jiran ofishin jadawali ya ɗauka. Ƙungiyarsu ta daɗe tana gargaɗi kan wannan, kuma gwamnati ta ci kamfanin tarar dala miliyan 140. A Turai, Ryanair ta yi kuskuren lissafin hutun matuƙanta a 2017, ta soke tafiye-tafiye kusan 20,000, kuma kafin shekarar ta ƙare shugaban kamfanin, Michael O'Leary, wanda ya shafe shekaru yana ƙin jinin ƙungiyoyin ƙwadago, ya amince zai zauna da su. A Indiya, da aka tsaurara dokar hutu, aka ɗaga hutun mako daga sa'a 36 zuwa 48 aka kuma rage saukar dare, IndiGo, kamfani mafi girma a ƙasar, ya soke dubban tafiye-tafiye a farkon Disamban 2025 duk da cewa an daɗe da sanar da dokar. Hukuma ta sassauta masa na ɗan lokaci. Wannan shi ne haɗarin: kamfani ya yi girman da idan ya gaza cika dokar gajiya, dokar ce ke ja da baya.

Kada a ɗauka ƙungiyoyin waliyyai ne. Tun da David Behncke ya kafa ALPA a Chicago a 1931 take haɗa maganar jadawali da tsaron rai, kuma sau da yawa gaskiya ce. Amma ƙarancin matuƙa riba ce ga wanda ke ciki, kuma wasu matsayoyinsu sun fi kama da tsare kasuwa. Dokar 2010 ta ɗaga sa'o'in da ake buƙata kafin a zama mataimaki daga 250 zuwa 1,500, da sassauci ga tsofaffin sojoji da masu digirin fannin. Ƙungiya na kare ta da ƙarfi, tana nuna yadda mace-mace suka ragu ƙwarai tun daga lokacin. Masu suka kuma suna tuna cewa matuƙan Colgan su biyun duk sun haura sa'a 1,500, kuma Turai na ɗora matasa masu sa'o'i kaɗan a kujerar dama bayan horo mai tsanani ba tare da jiragenta suna faɗuwa ba. A ganina sa'a dubu ta zagaye a ƙaramin jirgi cikin rana tsaka ba ta kai darajar horo mai kyau ba. Abin da dokar ta yi babu musu shi ne ta kashe albashin yunwa: da matuƙa suka yi wuya, ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashin American suka ɗaga biyan sabon mataimaki zuwa dala 90 a sa'a a 2022. Wataƙila ta wannan hanyar ta ceci rayuka, ko da ba ita aka nufa ba.

Haka batun iyakar aikin da za a iya bai wa ƙananan kamfanonin shiyya, irin su Colgan, masu tashi da sunan manya a farashi mai rahusa. Yarjejeniyoyin Delta da United da American sun ƙayyade cewa jirgin da za a ba su kada ya wuce kujera 76 da nauyin fam 86,000, an kuma iyakance yawansu. Layi guda a takardar ƙwadago ya hana sabon samfurin E175 na kamfanin Embraer na Brazil shiga kasuwar Amurka saboda ya ɗan fi nauyi, yana kuma cikin abin da ya dagula shirin jirgin Mitsubishi na Japan da aka binne a 2023. Matuƙa na cewa ba don wannan shinge ba da an kwashe aikinsu kaf an miƙa wa masu arha, kuma tarihi na bayansu. Kuɗin kuwa wasu ke biya. A 2022 American ta ajiye ƙananan jirage kusan 100 don rashin matuƙa, ta daina zuwa garuruwa irin su Toledo da Dubuque. Da aka kawo shawarar ɗaga shekarun ritaya zuwa 67, ALPA ta yaƙe ta har aka cire ta daga dokar 2024. Hujjarta ita ce ƙa'idar duniya ta tsaya a 65 ga masu tsallaka iyaka, don haka tsofaffin za su dawo jiragen cikin gida su hargitsa horo. Hujjar ta zauna, amma kowa ya san mafi yawan masu ƙuri'a a ƙungiyar matasa ne da ke jiran kujerun su buɗe.

Wannan ciniki ya shafe mu ta wata fuska, domin kasuwar matuƙa ta duniya ce kuma da dala ake auna ta. Idan albashi ya tashi a Amurka, Air Canada ta bi da ƙarin kusan kashi 42 a 2024, kamfanonin Gabas ta Tsakiya da ke kai mutanenmu Umara da kasuwanci, inda babu ƙungiyoyin ƙwadago irin waɗannan, sai su ƙara farauta a wasu wurare, ƙwararren kyaftin na Afirka na cikin abin farautar. A Nijeriya ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE ta tsayar da aikin Bristow, mai jigilar ma'aikatan mai da jirage masu saukar ungulu, a Agustan 2020, kuma bambancin biya tsakanin 'yan ƙasa da baƙi na cikin ƙorafinta. A Agustan 2020 ɗin ne kuma Air Peace ta sallami matuƙa da dama a tsakiyar taƙaddamar albashi. A Kenya yajin matuƙan Kenya Airways na Nuwamban 2022 kwana huɗu ya yi kotu ta umarce su su koma. Matsalarmu ma ta sha bamban: matashi zai gama Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya da lasisi a hannu ya rasa aiki, domin ba shi da kuɗin horon samfurin jirgi kuma ba shi da sa'o'i, yayin da kamfanoni ke kukan rashin kyaftin. Inda matuƙi ke tsoron rasa aiki kuma babu yarjejeniya mai ƙarfi a bayansa, kalmar “na gaji” tana da tsadar faɗa, ko da doka ta ba shi dama.

A Amurka kuma iskar ta riga ta fara juyawa. A 2024 Boeing ta kasa kawo jirage a kan lokaci, manyan kamfanoni suka rage ɗaukar sababbi, United ta roƙi matuƙanta su ɗauki hutu babu biya, Spirit ta tura wasu gida kafin ta shiga kotun fatara a Nuwamba. Yarjejeniyar Delta za ta buɗu don sabon ciniki a ƙarshen 2026, na American da United a 2027. Wata tambaya kuma na jiran su a teburin, wadda ta fi duk lissafin da ke sama girma. A da mutum biyar ke ɗakin tuƙi, aka koma uku, sannan biyu bayan da aka cire injiniyan jirgi a sababbin samfura tun farkon shekarun 1980. Yanzu masu ƙera jirage, musamman a Turai, suna nazarin barin matuƙi guda a kujera yayin doguwar tafiya, ɗayan yana barci. Ƙungiyoyin Amurka da Turai da ta duniya sun haɗa kai suna yaƙar shirin tun 2023. A 2025 hukumar tsaron jiragen sama ta Turai ta ce da irin ɗakin tuƙin da ake da shi yau ba a iya tabbatar da cewa mutum guda zai ba da tsaro daidai da na biyu ba, ta kuma bar ƙofar a buɗe ga na'urorin da za a ƙera nan gaba.